Sanda da 'Ya'yan Janar

Shekarar Sanda hamsin da uku a duniya, bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifiyarsa ba. Wanda ya tashi a Malumfashi ba zai yi mamaki ba. Ɗan fari ne, Inna Jimmai kuwa mace ce mai riƙon kunya irin ta mutanen da. Ranar da aka yaye shi aka miƙa shi gidan kakansa a Ƙanƙara, can ya girma. In ya zo hutu ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, tabarma take amsa wa, ko ta ce da wata yarinya, "A ba shi ruwa." Bayansa ta haifi mata huɗu, sannan Muzammil, auta, wanda ta goya har maƙwabta suka fara yi mata tsiya, wanda take kira sau ashirin kafin azahar.

Sanda ya san al'ada ce. Haka yake gaya wa 'yarsa Rahina duk lokacin da ta tambaye shi da Turanci laifin me ya yi wa kakarta. "Ba ƙiyayya ba ce," in ji shi, "girmamawa ce." Yana faɗa yana gyaɗa kai kamar malamin aji. Amma sanin dalilin yunwa bai taɓa ƙosar da kowa ba.

Ya shigo Amurka ta bizar ƙuri'a a shekarar dubu biyu da ɗaya. Ya goge katakon kujeru a wata masana'anta a High Point har ta rufe, ya yi gadi, yanzu shekara goma sha ɗaya ke nan yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito kusa da filin jirgin Greensboro, daga biyar na asuba zuwa biyu na rana. Shi ya samo wa Muzammil makaranta, a falonsa yaron ya kwana shekara huɗu. Yau Muzammil mai haɗa magunguna ne, yana da gida a Summerfield, inda dawakin maƙwabci ke leƙo kai ta saman shinge. Sanda ya je gidan sau biyar. Duk zuwa sai ya sami abin da zai kushe a hanyar dawowa, ko ciyawa ce.

Da mahaifinsu ya rasu, Sanda ne ya cika wa Inna takardu, kuma gidansa ta sauka, don shi ne babba. Gidan haya ne a saman bene, bayan Gate City Boulevard, matattakala goma sha bakwai daga ƙasa. Tagar falon tana kallon wani filin sayar da motoci, nan Inna ta kafa kujerarta. Kubura, matar Sanda, tana fita aikin kula da tsofaffi tun safe, Rahina tana makaranta. Ƙarfe biyu da rabi Sanda zai turo ƙofa da sallama, ya durƙusa ya ce, "Inna, barka da gida," ita kuma ta ce da taga, "Madalla," ta gyara mayafi. Daga nan sai shiru har Kubura ta dawo. Uwa da ɗa a falo ɗaya, firij kaɗai ke magana. Wata bakwai suka yi a haka.

Rahina ce ta bar talabijin a kunne wata Asabar ta fice. Fim ne na Caina mai dogon zango, kashi sittin da biyu, a kan zamanin da sarautar ƙasar ta faɗi, kowane janar mai bindigogi ya yanki yankinsa ya ce shi ne gwamnati. Sanda ya ɗauki rimot zai kashe, sai ya ji carbin Inna ya tsaya.

"Waɗannan sojojin," in ji ta, tana kallon labule, "na wane sarki ne?"

Ya waiga. Babu kowa a falon sai shi. Ya zauna a ƙasa, ya ba ta baya kamar yadda ya kamata, ya karanta rubutun Turancin da ke gudu a ƙasan hoton.

"Ba su da sarki. Wancan mai gashin bakin shi ne ubangidansu."

"To wa ya naɗa shi?"

"Bindiga."

"Uhm," in ji Inna. "Kamar dai gida."

Abin da mutanen Greensboro ba su sani ba game da Sanda, kafin ya taho ya yi shekara biyu a wani gidan kallo a Funtuwa, yana tsaye a gefen talabijin yana gaya wa jama'a abin da 'yan fim ke faɗa a harsunan da shi ma ba ya ji. Ya iya. Yana da muryar tsoho, da ta budurwa, da ta munafuki. Ranar nan duk ya tono su. Sunayen Sinawa ba sa zama a bakin Inna, sai ya raɗa musu nasa. Mai gashin baki ya zama Janar, matarsa Uwargida. 'Ya'yansu biyu maza: Babba, wanda aka tura tsaron wata tashar jirgin ƙasa can arewa cikin ƙanƙara, da Auta, wanda ya dawo daga karatu a Turai da farar kwat. Akwai kuma wata malamar makaranta da su biyun ke so, Inna da kanta ta sa mata Mai Laima.

Kullum bayan la'asar kashi ɗaya. A kashi na tara, Babba ya tare Mai Laima a bakin gada ya yi mata wata magana ƙasa-ƙasa, ita kuma ta amsa tana hawaye. Sanda ya tsaya haɗiyar yawu. Sai ya ji an daki kafaɗarsa da carbi.

"Kai, me ta ce masa? Yi maza!"

Kai. Bai juya ba. Ya gaya mata abin da Mai Laima ta ce, muryarsa tana rawa, Inna ta ɗauka duk cikin gwaninta ne. Washegari a sito ya ɗaga kayan da ba su ne aka ce ya ɗaga ba, ya ba da haƙuri yana murmushi, har shugaban aikinsu ya tambaye shi ko lafiya.

Daga nan ya zama yana da awa guda a rana. A cikin awar nan Inna tana mantawa. Tana ce masa kai, tana yi masa gardama, ranar da ya yi muryar kukun Janar ta yi dariya har ta share ido. Da zarar waƙar ƙarshe ta tashi sai ta tuna, ta ja mayafi, ta koma wa tagarta. Bai damu ba. Gobe ma rana ce.

Lahadi ce ke ɓata masa mako.

Ranar Lahadi Muzammil ke zuwa da matarsa Rahama. Da a ce ɗan iska ne, da Sanda ya huta. To ba haka yake ba. Tun daga ƙofa yake cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Yaya, ina wuni," sannan ya wuce wurin Inna ya zube a jikin kujerarta kamar ɗan shekara shida. Ya jera mata ƙwayoyin mako a ɗan akwati, ya ɗora ƙafarta a cinyarsa ya shafa mata man zafi a gwiwa. Ita kuwa bakinta ba ya rufuwa. "Auta, ka rame. Auta, zo ka ci. Rahama, yaron nan kina ba shi abinci kuwa?" Kwano ɗaya suke ci, tana tura masa nama da ɗan yatsa. Sanda yana gefe da rimot a hannu, yana lissafi. Abin da shi yake sha wahalar muryoyi biyar kafin ya samu na awa guda, wannan yana samunsa don kawai ya shigo.

A kaka ta biyu gwiwar ta ƙi. Wata Juma'a Inna ta tsaya a matattakala ta goma sha ɗaya, ba gaba ba baya, sai da Kubura da wata maƙwabciya suka tallafe ta. Likita ya ce aiki za a yi, kuma bayan aiki ba ita ba bene. Lahadin da ta biyo, Muzammil ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, in ka yarda, akwai ɗaki a ƙasa a wurinmu, da banɗakinsa a ciki."

In ka yarda. Sanda ya ji kamar an ba shi wuƙa an ce ya yanka kansa, da ladabi.

Inna ce ta amsa, tana kallon talabijin ɗin da ke kashe. "A bari a gama Janar tukuna."

Suna kashi na ashirin da uku. An sha tsayawa, ga azumi, ga lokutan da aiki ya riƙe shi, ga kashin da Inna ta ce a maimaita. Sanda ya ƙirga a ransa: saura talatin da tara. In an gama za ta tafi, sai fa in kafin nan wani abu ya canza a zuciyarta.

Ba zai taɓa yarda cewa shiri ya yi ba. In an tambaye shi zai ce labarin ne bai yi adalci ba, shi kuma ya gyara. Gaskiya ne labarin ya karkata. Auta ne ɗan gaban goshi, shi ne jarumin, shi Mai Laima take so. Babba yana can cikin ƙanƙara yana cin busasshen burodi, ba wanda ya tuna da shi, kuma tun kashi na ashirin ya fara aika wa abokan gaban ubansa saƙo a ɓoye. Sanda ya riga ya sani, don yana kallon na gaba a wayarsa lokacin hutun cin abinci, a cikin mota.

Ya kuma lura da wani abu. Fim ɗin cike yake da wasiƙu, da saƙon waya, da raɗa a bayan ƙofa. Hoto ba ya nuna abin da takarda ta ƙunsa, sai rubutun ƙasa. Rubutun ƙasa kuwa a hannunsa yake.

A kashi na ashirin da huɗu Auta ya zauna a gaban fitila ya rubuta wa Mai Laima wasiƙar soyayya.

"Wa yake rubuta wa?" in ji Inna.

"Janar ɗin kudu," in ji Sanda. "Yana gaya masa yawan bindigogin ubansa."

Inna ta dafe ƙirji. "Auta?"

"Auta."

"Da wannan fuskar tasa kamar ta mutumin Allah?"

"Ai su ne, Inna."

Ƙarya ɗaya ta nemi 'yar'uwarta. Ya koma yana zama a mota da biro da bayan takardar kaya, yana tsara wa kowace wasiƙa abin da za ta ce. Saƙonnin Babba na cin amana suka zama leƙen asiri don ceton gida. In Mai Laima ta yi wa Auta murmushi, ya ce lallaɓa shi take don ta ji sirrinsa. Uwargida ce ta fi ba shi aiki, don ba ta da zance sai Auta. Sai ya mayar da ita mai kunya.

"Su ma Sinawa ba sa kiran sunan ɗan fari," in ji shi.

"Ashe mutanen kirki ne," in ji Inna.

Ranar da Uwargida ta durƙusa a gaban allunan kakanninsu tana kuka tana roƙon Auta ya dawo lafiya daga fagen daga, Sanda ya sassauta murya ya zama tsohuwa. "Ta ce, wanda nake kira a bakina yake. Wanda ba na kira, shi ne a raina."

Ya saci kallonta ta gilashin talabijin. Ya daɗe yana tanadin maganar nan, har ya gwada ta a mota sau uku.

Inna ta taɓe baki. "Matar nan baki gare ta. Ai ba a faɗa."

Bai san ko ya ci ba ne ko an cinye shi. Ya kwana yana juya ta.

Amma aikin yana ci. Inna ta tsani Auta na fim tsana mai tsanani. Da ya fito sai ta yi tsaki. "Ga shi nan, ɗan lelen banza. An shagwaɓa shi ya ci amanar gida." Wata Lahadi Muzammil yana shafa mata gwiwa ta ƙura masa ido ta ce, "Kai ma in an bincika aljihunka wasiƙar wa za a samu?" Muzammil ya yi dariya bai gane ba. Sanda ya tashi ya shiga banɗaki ya kunna famfo, don kada a ga fuskarsa.

Kubura ce ta tare shi a kicin, tana yanka kuɓewa.

"Baban Rahina, ni fa na yi makaranta."

"Wa ya ce ba ki yi ba?"

"Yaron nan cewa ya yi zai mutu a kan ubansa. Kai ka ce wai zai gaje shi ko yana raye."

"Turancin nasu ne ba kan gado. Sinawa ne suka rubuta."

"Kai kuma a Funtuwa ka koyi Sinanci."

"Kubura."

"Tambaya ɗaya. Da ɗan Janar kake yaƙi, ko da ɗan Inna?"

"Ki ji da gishirin miyarki, ki bar min nawa."

"Na bari. Amma wasiƙa ce ake ɓoyewa. Ranar da suka daina rubutu suka fito fili fa?"

Ya san ranar. Kashi na arba'in da ɗaya ne, ya kalle shi sau huɗu a mota yana neman ƙofa bai samu ba. Da suka kai na arba'in sai ya fara jan ƙafa. Ranar Alhamis ya ce kansa na ciwo. Juma'a ya daɗe a masallaci. Asabar ya ce intanet ta lalace. Niyyarsa ranar Litinin ya tsallake zuwa na arba'in da biyu, ya ce masu fim ɗin ma haka suka tsallake.

Ranar Lahadi Muzammil ya zo da wuri, shi kaɗai, Rahama tana aiki.

"Auta, duba mana abin nan," in ji Inna. "Kwana uku an bar ni a tashar jirgi."

Muzammil ya leƙa bayan talabijin. "Waya ce kawai ta zare, Yaya." Ya mayar da ita. Bai tambayi yadda aka yi ta zare ba.

"Zauna ka ga takwaranka," in ji Inna. "Yau asirinsa zai tonu."

Sanda ya zauna a wurinsa na kullum. Ya fara. Minti goma na farko magana ce a cikin jirgin ƙasa, Janar da Auta suna fuskantar juna. Rubutu ya ce, Baba, kada ka sauka a tashar nan, zuciyata ba ta kwanta ba. Sanda ya ce, "Ya ce, Baba, sauka, mutanena suna jiranka." Ya ji numfashin Muzammil ya canza a bayansa. Bai waiga ba. Ya ji idon yaron yana sauka daga talabijin zuwa ƙeyarsa, yana komawa.

"Ka ji ko?" in ji Inna. "Ka ji munafuki?"

Muzammil ya ce, "Na ji, Inna."

Jirgi ya tsaya. Janar ya sauko. Daga saman rufin tasha aka buɗe wuta, Auta ya yi tsalle ya rungume ubansa, farar kwat ɗin ta jiƙe da jini. Ba wasiƙa, ba raɗa. Aka nuna shi sau uku, a hankali, da kiɗa.

"Tuntuɓe ya yi," in ji Sanda. Muryar ba ta kowa ba ce, tasa ce.

"Tuntuɓe," in ji Inna.

Sai ga sojoji sun jawo Babba da ankwa a hannu, suka durƙusar da shi. Janar ya zare masa anini daga kafaɗa, ya wanke shi da mari.

Inna ta ajiye carbi a cinya. "Auta, karanta min abin da tsohon ya ce."

"Rubutun yana sauri, Inna. Yaya ya fi ni ido. Wataƙila kuskure suka yi, suka kama wanda ba shi ba."

Da Muzammil ya tona shi, da Sanda ya jure. Ya shirya wa wannan, har yana da abin da zai ce. Abin da bai shirya wa ba shi ne yaron da ya kwana a falonsa shekara huɗu ya cire rigarsa ya rufa masa, a gaban uwarsu, a gidansa. Ko a nan ma sai ya fi shi.

Ya danna rimot, hoton ya tsaya a kan fuskar Babba.

"Kada ka rufa min asiri. Ban roƙe ka ba." Ya juyo gaba ɗaya, ya fuskanci Inna, abin da bai taɓa yi ba. "Babba ne maci amanar. Tun farko shi ne. Auta bai taɓa rubuta wa kowa komai ba sai yarinyar. Uwargida kuma ba kunya take ba, ba ta damu da shi ba ne. Ni na juya."

"Yaya..."

"Yi min shiru." Ya matso da gwiwoyinsa. "Inna, nan ba Malumfashi ba ce. Babu mai ji, babu mai kai labari. Sau ɗaya. Ki kira sunana sau ɗaya, ki tafi duk inda kike so."

Kubura tana bakin kicin da ludayi a hannu, ta rufe baki da ɗayan. Inna ba ta dube shi ba. Ta ja mayafinta har ya rufe fuskar, ta lalubi hannun kujera. Muzammil ya zabura zai kama ta, ta ture hannunsa. Da bango ta dafa har ɗaki.

Bangon gidajen nan kamar kwali yake. Bayan magariba Kubura ta kai mata abinci, Sanda yana falo, ya ji komai, kuma Inna ta san yana ji.

"Na san ana ƙara gishiri," in ji Inna. "Duk mai ba da labari yana ƙarawa. Ban san da ni ake ba. Ina zaune ina aibata ɗan mutane, ana jin daɗi."

"Inna, ki yi haƙuri. Kewa ce."

"Kewa. Ni ba na ji? 'Yar nan, tunda na zo gidan nan ban ci na ƙoshi ba in yana falo. Ban miƙe ƙafa ba. Uwata ba ta taɓa kwana a gidan ɗanta na fari ba, ni na zo na tare, don an ce nan ƙasar haka take. Abu ɗaya ya rage min da na riƙe masa tun yana cikin zani, shi ne yau aka ce in yar a tsakar falo kamar ɓawon gyaɗa." Cokali ya taɓa kwano. "A gaya wa Auta ya zo da mota ranar Laraba."

Sanda ya ɗauki hutu ranar Laraba. Shi ya sauke akwatunan, ya ƙi bari a taya shi. A sauka ta uku suka haɗu da Muzammil a tsakiyar bene, ba hanyar kaucewa.

"Yaya, ka san wani abu? Tunda aka fara fim ɗin nan, in na kira ta bayan la'asar ba ta ɗauka. In ta ɗauka ta ce ana labari, in kira an jima. In na kira an jima kuma, mai gidan nan ya ce kaza, mai gidan nan ya yi muryar kaza. Har na ce da Rahama ni ma zan koyi Sinancin nan."

Ya faɗa ne don ya sanyaya masa rai, amma akwai ɗan ɗaci a ƙasan maganar, kuma ɗacin Sanda ya tsinta. Ya ji daɗinsa fiye da yadda ya kamata.

Muzammil ne ya sauko da ita, hannunta a wuyansa, matattakala ɗaya-ɗaya. Sanda yana biye da jakar magani. Da ta zauna a mota ta sauke gilashi ta kira Kubura.

"Saura ashirin da ɗaya. Wannan in ya karanta abu kamar takardar asibiti yake yi. A gaya wa mai gidan nan, Lahadi bayan la'asar."

Haka Sanda ya koma baƙon Lahadi. Kwana shida na Muzammil, ɗaya nasa, ya ƙirga tun kafin motar ta fita layin. Ya daina kallon na gaba a waya. Ba tuba ba ce, tsoro ne: ba ya son sanin abin da za a yi wa Babba.

Falon Summerfield ya yi uku na nasa. Talabijin ɗin ya kusa cin bango, rubutun ƙasa manya-manya, ko daga kicin Rahama tana iya karantawa. An yi wa Inna aikin gwiwa, tana kan doguwar kujera. Sanda ya zauna a kan kafet ya ba ta baya. Yana yin muryoyin duka, bai rage ko ɗaya ba, amma yanzu in tana da tambaya Rahama take yi wa. "Me aka ce ya ce?" Carbin yana cinyarta, ba ya zuwa ko'ina.

A Lahadi ta uku, Uwargida ta je kurkuku. Babba ya rarrafo ya kama ƙarfen ƙofa. Ta tsaya daga nesa da gyale baƙi, ta yi magana gajeriya, ta juya.

Sanda ya karanta. Ya ga Muzammil ma ya karanta ya mai da ido ƙasa.

"Rahama, me matar ta ce?"

Rahama ta dubi mijinta. Sanda ya gyara zama. Bai yi muryar tsohuwa ba.

"Ta ce ɗa ɗaya ta haifa, kuma yana asibiti."

Inna ta ja tsaki mai tsawo, irin wanda ake yi wa mahaucin da ya sa ƙashi a awo.

"Wannan ba uwa ba ce. Ko kaza ta fi ta. A wuce wurin nan, ba na son ganinta."

Ya ɗaga rimot ya wuce wurin. Sai ya zarce har da abin da ba a ce ya wuce ba, sai da ya dawo baya. Maganar ta shige shi, ya san kuma da wa ake, ya san iyakar abin da za a ba shi ke nan. Kafin hoton ya dawo, gilashin ya yi baƙi na ɗan lokaci, falon ya fito a cikinsa. Ƙafarta tana kan cinyar Muzammil, hannunta ɗaya yana kansa, tana sosa masa gashi ba ta ma san tana yi ba.

"Sun koma gidan Janar," in ji Sanda. "Kuku ne ke magana."

Ya share maƙogwaro ya nemo muryar kukun.